Na Hana a Sa wa Maigidana Wayoyi a Kai

Ni tsohuwa ce daga Gangara, ban yi karatu ba, ɗiyata ce ke rubuta abin da nake faɗa. A wancan lokacin ni matar falke ce mai kai gero Nijar, kuma gani nake babu wanda ya fi ni sanin ciwon mijina.

Farfaɗiya ta same shi da girma. A Sakkwato likita ya ce za a manna masa wayoyi a kai don a gane irin ciwon. Ni kuwa na taɓa ganin wayar wuta ta kashe akuya a garin Isa. Na rantse ba za a jona mini miji da lantarki ba. Malam, mijin nawa, ya yarda a yi, har yana yi mini ba'a wai tsoro nake ya koma fitila. Na yi ta kuka har ya haƙura muka dawo gida, ko maganin ban bari mun tsaya karɓa ba. A damina ta biyu ciwon ya kayar da shi a bakin gulbi, babu kowa kusa. Allah ya jiƙan Malam. Har yau ba na iya faɗar wannan ba tare da hawaye ba.

Da ɗiyata ta soma irin faɗuwar, da goyo a bayanta, na ce da kaina za ni kai ta asibiti a sa mata wayoyin. Matar da ke aikin na'urar wayoyin ta gane wutar nake tsoro, ta zaunar da ni. Ta ce, “Inna, ba mu sa wuta, saurare kawai muke yi.” Wai ƙwaƙwalwa na da 'yar wutarta, ƙananan ƙwayoyi ne ke yi wa juna magana da ita. Wayoyin suna jin hayaniyarsu kamar mai jin kasuwa daga nesa. In ƙwayoyin suka ɗauki ihu gaba ɗaya, sai zanen da na'urar ke fitarwa ya yi tsalle, shi ne ciwon. Ta ce har a kan birai masana suka koyi wannan. Na yi dariya, na ce ashe ɓarayin dawarmu na da amfani.

Yanzu ɗiyata na shan maganinta, ta daɗe ba ta faɗi ba, tana daka, tana zuwa gona. Na gode wa Allah, raina a kwance yake. Amma 'yan'uwana mata, in an ce za a yi wa naku abin da ba ku gane ba, ku tambaya kafin ku hana. Ni tambaya ɗaya na kasa yi, na rasa abokin zama.