Sunan da Ya Kwanta a Hanyar Wadai

A shekarun da arzikin mai ya fara rushe gidajen ƙasa na Riyad, muna zaune a wani lungu bayan unguwar Ulaisha, ɗaki biyu da tsakar gidan da ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba. Da rana katafila tana cin gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Lokacin sanyi, da an idar da magariba, Kaka takan sa a shigo mata da kaskon gawayi, ta miƙe ƙafarta ta hagu kusa da shi. Ƙafar ta kumbura daga idon sawu har gwiwa, ga gyambo a ƙauri wanda take rufewa da farin tsumma. Ni ce mai wanke tsumman idan na dawo daga makaranta, don haka na riga kowa sanin cewa gyambon faɗi yake ƙarawa.

Asibiti kuwa sai da iƙama, takardar zama a ƙasa. Baba yana da tasa ta kamfanin da yake yi wa tuƙi, mu ma muna ciki. Kaka ba ta da komai. Kafin a yi mata iƙama sai an samo fasfo, kafin fasfo sai an cika suna: nata da na mahaifinta. A nan maganar ta tsaya wata da watanni, ni kuma ban san dalili ba.

Kaka ba ta yi mana tatsuniyar dabbobi. Hanya take ba mu, zango zango.

"To, a ina muka sauke kaya jiya?"

"A bakin tabki!" in ji ƙannena biyu.

"Ke bebiya, kina nan kuwa? Ki yi ko tari mana, in san ba buhun gero aka jingine mini ba."

Ni ke nan. Ba na magana, kallo nake yi. Na lura duk lokacin da za ta ambaci wanda ya rasu, sai ta ɗauki tsinke ta rufe garwashi ɗaya da toka.

An goyo ta daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram, a shekarar da yunwa ta haɗu da aikin tilas na Faransa. Mahaifinta malamin allo ne, duk ayarin Malam suke ce masa. Ya sa gabas a gaba da matarsa da 'ya'ya uku da jaki ɗaya. Yayanta ya sha ruwan wani kududdufi, aka binne shi kafin su kai tabki. Jakin ma ya faɗi. A hanyar Wadai zazzaɓi ya kama Malam, ya rasu a ƙarƙashin wata aduwa, Kaka tana da shekara huɗu. Abin da ta riƙe nasa kawai shi ne faso a dugadugansa, don su take kallo idan yana tafe a gaba. Ayarin ya watse. Uwarta ta kai su Sudan, ta tsufa a gonar auduga, ba ta ga Makka ba. A can Kaka ta yi aure, ta haifi biyar, Baba ne kaɗai ya rayu. Da shi a baya ta haye teku cikin jirgin katako, ba takarda ba shaida. Mijinta ya sauka Jidda da ciwon ciki, bai yi wata ba.

Wata ranar Alhamis Baba ya shigo da baƙo. Injiniyan da yake tuƙawa ne, Bature ɗan Kanada amma Faransanci ne harshensa. Muhandis muke ce masa, wato injiniya da Larabci. Ya cire takalmansa masu ƙurar siminti, ya zauna a tabarma ya rasa inda zai sa dogayen ƙafafunsa. Da ya yi wa kansa wata magana da harshensu, sai na ga hannun Kaka ya kama gefen zanenta ya matse. Uwarta ta koya mata cewa idan ta ji wannan harshe ta shige ciyawa.

Ya warware wata doguwar takarda mai zanen itace, kowane reshe da suna. Yana magana da guntun Larabcinsa, Baba yana juya wa Kaka da Hausa. Kakansa na goma sha ɗaya ya bar Faransa a jirgin ruwa, ya sauka ƙasar ƙanƙara, ya sare daji ya yi gona. Da gonar ta kasa ɗaukar jikoki, wasu suka gangara Amirka aikin masaƙa, har suka sauya suna don su sami shiga. Duk ya bi sawunsu cikin littattafan coci.

Kaka ta leƙa takardar. "Auta," ta ce da Baba, "tambaye shi, su ma yunwa ce ta koro su?"

Muhandis ya gyaɗa kai.

"Ikon Allah. Ashe Nasara ma yana gudu da jaki."

Ya ce zai taimaka. Mutanensu na Faransa ba sa barin komai ba su rubuta ba, yana da wanda zai aika wa wasiƙa. A ba shi sunan gari kawai, da sunan mahaifi. Ya cire murfin alƙalami.

Garin, in ji Kaka, garin Malam ne, mai rijiya biyu. Da aka zo kan sunan mahaifi kuwa, sai ta juya ga kaskon. Na ji gawayi yana ƙara.

"Inna, faɗa masa abin da kika faɗa mini," in ji Baba.

"Ban sani ba."

Ba ta kalli kowa ba. Ta ce uwarta ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, kamar kowace mace ta gari. "Shi" take cewa, ko "Malam". Waɗanda suka san sunan yankansa an baro su a ƙauye ko an binne su a hanya. Tana 'yar shekara goma ta tambaya a gonar auduga, aka buge mata baki. Ta sake tambaya ranar da uwar take kwance ba ta iya ɗaga kai.

"Na ce, Inna, ba kowa a ɗakin nan, ni kaɗai ce. Ta buɗe baki. Wallahi na ga harshenta ya motsa. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, 'Ina jin nauyi.' Kafin la'asar ta cika."

Muhandis ya mayar da murfin alƙalaminsa. Ya nannaɗe takardarsa a hankali, kamar wanda ya shigo gidan makoki da kayan biki.

Bayan ya tafi, Baba ya durƙusa gabanta. "Inna, a rubuta Abdullahi. Kowa bawan Allah ne. Haka mutane suke yi, dangwala yatsa kawai za ki yi."

"In ce da bakina wani ne ya haife ni?"

"Takarda ce fa, Inna. Ƙafar nan za ta kashe ki."

"Uwata ta riƙe sunan nan shekara ashirin ba ta zubar ba. Ni ce zan musanya shi da allura? Ka je ka lahira ka gaya mata 'yarta ta samo wani uban a Riyad."

Daga ranar, da hannun dama a dunƙule take barci, babban yatsa a ciki. Wata rana da azahar tana ƙailula, ina bayan ƙofa da littafina, Baba ya shigo da takardar neman fasfo da ɗan gwangwanin tawada. Barci ya saki hannunta, yatsan yana fili a kan tabarma. Ya tsuguna. Ya buɗe gwangwanin. Ya daɗe a haka har ƙuda ya sauka a kan tawadar. Sannan ya rufe, ya sa a aljihu, ya gyara mata mayafi ya fita. Bai san na gani ba, ban kuma taɓa gaya masa ba.

Ba ta kai lokacin zafi ba. Kwanakin ƙarshe warin ƙafar ya hana ƙannena shiga ɗakin. A Riyad ba a rubuta suna a kan kabari, dutse ne kawai a kai da ƙafa. Baba ya ce wannan ne wuri ɗaya a garin da ba a tambaye ta sunan mahaifi ba.

Na yi shekaru ina jin haushin matar da ban taɓa gani ba, wadda kunyarta ta bi 'yarta har ta hana ta magani. Sai da na yi aure na gane. Ranar farko da aka tambaye ni sunan mijina a gaban mutane, nauyi ya kama ni na kasa faɗa, na ji kunnuwana sun yi zafi. Ba wanda ya koya mini, a jikina na tarar da shi. Na san yanzu ba rowa ta yi ba. Duk abin da ta fito da shi daga gida hanya ta ƙwace, saura wannan girmamawa, ita kuma ba ta yarda ta ajiye ba ko a bakin kabari.

Duk da haka, da 'yata ta fara wayo na rufe ƙofa, na zaunar da ita a cinyata. Na faɗa mata sunan mahaifinta da na kakanninta har inda na sani, da bakina. Na sa ta maimaita sau uku. Da muka zo kan mahaifin Kaka ta ɗago kai tana jira, na ce mata a nan namu ya tsaya, kuma kada ta yarda kowa ya cika mata wurin.