Kujera ta Biyu a Ƙarshen Sahu

Wata rana da la'asar, a masallacin layinmu, liman ya ɗago daga sujada, kowa ya ɗago, ban da mutum ɗaya.

Tsohon shugaban firamaren unguwarmu ne. Ba zan kama suna ba, mu dai Hedimasta muke ce masa.

Bawan Allahn nan komai nasa a miƙe yake. Tafiya a miƙe, magana a miƙe. Kaftaninsa kuwa sitaci yake sha har ya ƙoshi, in ya motsa sai ka ji yana ƙara. Ni dai tun tasowata ban taɓa ganin dariyarsa ba.

Kuma in ya ce a'a, to ka kama gabanka kawai.

Shekarun baya, maƙwabcinsa Malam Ilu ya fara zuwa masallaci da kujerar roba saboda ciwon baya. Hedimasta ya tare shi a bakin ƙofa, a gaban jama'a, ya ce masa masallaci ba ofis ba ne, son jiki ne kawai.

Malam Ilu ya ja kujerarsa can ƙarshen sahu, jikin bango, ya ci gaba da sallarsa a nan.

To a wannan la'asar ɗin ga Hedimasta, goshi a ƙasa, gwiwa ta riƙe ƙam. Sai da aka sallame, mutum biyu suka kama shi suka ɗaga.

Ashe ya daɗe yana fama da ciwon gwiwa, yana ɓoyewa.

Tun daga ranar ba mu ƙara ganinsa a masallaci ba. Mutumin da ladan ke tararwa a bakin ƙofa kullum!

Liman ya je ya yi masa nasiha, ya ce ya ji. 'Ya'yansa suka kawo masa kujera, ya ce a fitar masa da ita daga gida.

Matarsa ta gaya wa mahaifiyata cewa in aka kira salla, sai ya juya fuska ga bango.

Wallahi abin ya taɓa ni. Ga masallaci yana jiyo kabbararsa daga ɗaki, amma maganar da ya faɗa da bakinsa ta tsare masa hanya.

Ran nan ina zaune a dakalin ƙofar gidanmu gab da magariba, sai ga Malam Ilu yana tafe a duƙe, yana jan kujeru biyu a haɗe. Ya tsaya a bakin zauren Hedimasta, ya yi sallama.

"Hedimasta, taso mu je, an kusa tayarwa."

Daga ciki muryar ta fito a hankali.

"Malam Ilu, da wane ido zan dube ka? Ni ne fa na ce maka masallaci ba ofis ba ne."

"Wa ya ce ka dube ni? Alƙibla za ka duba. Ni a gefenka zan zauna."



Har na ɗauka ba zai fito ba. Can sai na ji ƙarar kaftanin nan.

Ya fito yana dafa bango. Ya miƙa hannu ya karɓi kujera ɗaya, ya ce gadon bayan Malam Ilu ba zai ɗauki biyu ba.

Na bi su a baya. Suka jera kujerunsu a ƙarshen sahu. Hedimasta ya daɗe a tsaye yana kallon tasa, sannan ya zauna.

Kun san abin da ya faru?

Ba komai. Ko mutum ɗaya bai waiwaya ba. Kowa ta sallarsa yake yi.

Da aka sallame, na ga Hedimasta ya kama hannun Malam Ilu ya riƙe, bai saki ba har liman ya shafa addu'a.

Yanzu shi ke riga kowa zuwa, ya kakkaɓe kujerun biyu ya jera su. Sitacin dai yana nan, ba a rage ko kaɗan ba.

Darasi: Sandarewar gwiwa lalura ce, addini ma ya yi mata sauƙi. Taurin kai ne ke raba mutum da abin da yake so. Ka sassauta harshe a kan raunin wani, don jikin nan namu duka hanya ɗaya yake bi. In kuma kai aka taɓa ɓata wa, ka zama mai zuwa da kujera ta biyu.

In akwai wanda kunyar tsohuwar magana ta zaunar a gida, ka tura masa wannan. Wataƙila jira yake a ce masa taso mu je.