Takabar da Balkisa Ta Ƙi Shiga

Balkisa mai tuyar ƙosai a bakin tashar Tawa ba ta taɓa ganin teku ba, amma teku ne ya hana ta sukuni. Mijinta Rissa yana cikin jirgin ruwan fasinja da ya kife can ƙasashen gaɓa, kuma ba a ga gawarsa ba.

Ƴan Adar mazauna can suka yi karo-karo don iyalan mamata, suka aiko nata kason ta hannun Illa, wan mijinta. Ta ƙi karɓa. Ta san ranar da ta miƙa hannu, ta yarda ya mutu ke nan, sai takaba, sai barin tasha. Kowace mota ta tsaya sai ta miƙe tana leƙen masu sauka, ƙosai na ƙonewa.

"Amshi ki huta, Balkisa, yara na jin yunwa," in ji Illa.

"Yaya, in ya sauko ya iske ni cikin takaba, mi zan ce mishi?"

Illa ya sayo hatsi da kuɗin, ya kai gidan da sunan kyautarsa. Yara suka ci, ita kuwa ta koma tasha.