Telan da Ya Ƙi Zuwa Jidda

Duk wanda ya tashi a unguwar Tandabawi ta Makka ya san Baba Dawuda tela, ya kuma san ba ya zuwa Jidda. Tafiyar sa'a guda ce fa a mota, amma tun ranar da ya shigo Makka, shekara sittin da 'yan kai, bai sake leƙa wannan gari na bakin teku ba. Har auren jikarsa aka ɗaura a can, ya aika da addu'a ya yi zamansa. Mutane suka ce taurin kan tsufa ne. Masu faɗin haka ba su taɓa kallon fuskarsa ba in an ambaci teku.

Yana da shekara goma sha takwas aka ɗauke shi soja daga Katsina, shi da yayansa Mukhtaru, lokacin yaƙin Bama. A Ikko aka loda su cikin wani jirgin ruwa na 'yan kasuwar Jamus wanda Turawan Ingila suka ƙwace. Jirgin kaya ne, ba na mutane ba. A ramin da ake zuba buhuna aka kafa musu gadajen katako, ga duhu, ga warin mai. Sojoji suna ta raɗe-raɗin cewa masu jirgin na biye da shi ta ƙarƙashin ruwa, wai sun san ƙarar injinsa kamar yadda makiyayi ya san kukan saniyarsa. Ko cokali ya faɗi sai kowa ya zabura.

Jamusawan ba su zo ba, zazzaɓi ne ya zo. Da sajan ya ji Dawuda ya iya allura, sai ya ba shi aikin ɗinke mamata cikin tamfol, a ɗaura ƙarfe a ƙafa, a tura ruwa. Na bakwai da aka kawo masa Mukhtaru ne.

Bayan yaƙi bai iya zaman gida ba. Ya bi ayarin alhazai ta Sudan, ya haye teku da rawani a fuska, ya kama shago a Tandabawi. Riga, wando, labule, babu abin da bai ɗinka ba, amma likkafani ko yanka shi bai taɓa yarda ya yi ba.

Yana da shekara casa'in ciwon zuciya ya kama shi. Likita ya ce tiyata za a yi, kuma aikin sai a Jidda, kuma kada a wuce mako. 'Yarsa Nasiha ta yi kuka, ɗansa Sufyan ya yi lallashi, har tsoho ya gaji ya yi shiru. Su kuma suka ɗauka ya yarda.

Da hantsi suka sa shi a mota. Tun daga bakin unguwa gumi ya jiƙa masa riga. Tsoro yake ji, tsoro sosai, irin na ramin jirgin nan. Da aka doshi iyakar Harami ya damƙe hannun Nasiha har ta ji zafi.

"Baba, asibiti ne fa, ba jirgi ba," in ji ta.

"Daga can ana ganin ruwa?"

Ta kasa yi masa ƙarya.

"Sufyanu, tsaya."

Sufyan ya gangara gefen titi. Tsoho ya daɗe yana haki kafin magana ta fito.

"Da nake ɗinke Yaya Mukhtaru, na kai wajen ƙirji, sai yatsansa ya taɓa hannuna. Ban sani ba ko jirgin ne ya girgiza, ko shi ne. Sajan na tsaye a kaina yana cewa in yi sauri. Na ji tsoronsa, na ƙarasa ɗinkin. Kullum ina ganin ruwan nan ni yake jira. Don Allah kada ku kai ni."

Motoci na wucewa, motarsu na girgiza. Sufyan ya kifa kai a sitiyari. Ya san abin da juyawa ke nufi, likita bai ɓoye musu komai ba.

"Yaya, juya," Nasiha ta ce.

A hanyar komawa abu ɗaya Baba Dawuda ya roƙa. Ya ce in lokaci ya yi kada a yi gaggawa da shi, wani ya riƙe hannunsa ya jira tukuna.

Kwana tara ya ƙara a duniya, a ɗakinsa, kusa da tsohon keken ɗinkinsa. Da aka gama yi masa wanka, masu wankan suka buɗe likkafani, sai Sufyan ya ce su dakata. Ya zauna ya kama hannun mahaifinsa. Aka fara kiran la'asar, mai motar da za ta kai su Harami ya leƙo sau biyu, wani dattijo ya ce, "Yalla, Sufyan, za mu rasa salla."

"Ku ɗan ƙara mini," in ji Sufyan, idonsa na kan yatsun.