Kayen da Baba ya yi mini

Shekarun baya, zamanin da kumandan na Faransawa ke juya ƙasar Damagaram yadda ya ga dama, ni ma na taɓa shiga kokawa. Sau ɗaya ne rak, kuma da mahaifina. Mai dariya ya yi abinsa, jikokina ma sun yi.

Mahaifina ɗan kokawa ne tun yana saurayi. Daga Matameye zuwa Kurni, Dungu har Ɗan Barto, ba filin da bai shiga ba in an gama kaka, kuma ba a haifi wanda ya kai bayansa ƙasa ba. Ƙarfin nan shi ya ja masa. Da Faransawa suka zo ɗibar soja, shi suka fara nunawa da bulala. Suka kai shi Dakar suka sa shi sojan ruwa, mutumin da bai san ruwan da ya wuce tafkin bayan gari ba! Ya yi shekaru yana zuba wa jirgi kwal. Da aka sallame shi bai zauna ba, ya gangara Kano ya shiga aikin layin dogo, yana saɓa ƙarfen da ƙarti biyu ke nishi a kansa. Ya dawo gida da furfura, amma kullum in an idar da asuba sai ya zaga gari da gudu. Mutane har cewa suke teku ta taɓa masa kai.

Ni kuwa ban gado shi ba ko kaɗan. Siriri nake kamar karan dawa, ga wani tari da ke tasar mini in na yi aikin ƙarfi, har sai na durƙusa.

Wata shekara ana sharar gona, mai gari ya aiko cewa kumandan na son namiji ɗaya daga kowane gida, za a kai su arewa fasa dutsen hanya. Aikin tilas ke nan, kuma mun san shi. Waɗanda aka ɗiba bara, ƙarfafan sun dawo haƙarƙari a waje, raunanan kuwa rigunansu aka kawo wa iyayensu. Maza biyu ne a gidanmu, ni da Baba. Matata kuma na da tsohon ciki, na fari.

Ranar tafiya na ɗaure ƙunshina na fito tsakar gida. Sai na tarar da Baba ya aske kai da gemu ƙwal, ba ko silin furfura, ya ɗaura tsohon walkinsa na kokawa.

Ya ce, "Kai, aje kayan nan. Ni zan tafi."

Na ce, "Haba Baba! Ina raye a kora ka fasa dutse? Da wane ido zan dubi mutanen gari?"

"Da idon da kake da shi. Gardin kumandan kai yake ƙirgawa, ba ruwansa da shekaru. Kai da wannan tarin, ko kaka ba za ka gani ba."

Raina ya ɓaci, don gaskiya ya faɗa, kuma a gaban matata. Na rantse ba zan aje ba. Ya dube ni, ya dube ni, sannan ya ja da'ira a ƙasa da ɗan yatsan ƙafarsa.

"To shigo. Wanda ya yi kaye shi ke tafiya."

Inna ta saki muciya. "A'uzubillahi! Ɗa da uba? Malam, ka ji tsoron Allah!" Bai ko waiwaye ta ba.

Wallahi ban shiga da wasa ba. Na san in na faɗi, tsohon nan ne zai ɗauki dutsen da aka rubuta mini. Na rungumo ƙugunsa na tura da duk abin da Allah ya ba ni, na sa ƙafa zan taɗe shi, na sake sawa. Kai ka ce bishiyar kuka nake turawa. Ya bar ni na yi ta fama har tarin ya taso. Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai na ga sama a gabana. Amma bai maka ni ba. Tafinsa na ƙarƙashin ƙeyata, ya kwantar da ni a hankali yadda ake kwantar da jariri.

Ya sunkuyo ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Ka kula da gonar, in an haihu ka yi wa yaron huɗuba."

Ya saɓi ƙunshin da na ɗaure wa kaina ya fita. Ina kwance ina kuka, magidanci da ni, ban ji kunyar kowa ba.

Na noma gonar nan ni kaɗai, ina tari ina noma, don na ƙudura Baba ba zai dawo ya tarar da rumbu wayam ba. Sai bayan an kai amfani gida ya dawo, ya rame, bayansa ya ranƙwafa. Gudun asuba ya ƙare, kokawa ma haka. Bai taɓa ba mu labarin abin da ya gani a can ba. Jikansa kawai ya karɓa ya ɗaga sama, ya ce wannan ƙafafun 'yan kokawa gare shi, ba irin na ubansa ba.

Har yau in na tuna, ciwo nake ji da alfahari a haɗe. Duk tsufan nan da kuke gani na yi, a bayan mutumin nan na yi shi.

Ya ƙara wasu shekaru yana dogara sanda kafin Allah ya karɓi abinsa. Ni na shiga kabarin na karɓe shi. Ba nauyi ko kaɗan, mutumin da na kasa gusarwa. Na sa tafina ƙarƙashin ƙeyarsa, na kwantar da shi a hankali kan gefensa na dama, fuska ga alƙibla, yadda addini ya ce. Ko a ranar nan, bayan Baba bai taɓa ƙasa ba.