Gunkin da Na Kai Kogin Nilu Cikin Tawul ɗin Jaririya

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma ne, ranar Litinin, a falon gidanmu da ke Hayyin Ashir a Alƙahira. Mu biyar ne a wurin: ni, da matata, da surukata da ta zo daga gida saboda wankan jego, da 'yarmu mai kwana takwas a duniya, sai maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Bamisiriya da kowa ke kira Hajja. Yarinyar nan yanzu ita ma tana da nata 'ya'yan, amma abin da ya faro a wannan sa'a ba zai fita daga kaina ba har in koma ga Allah.

A lokacin ni direba ne a ofishin jakadanci. Ranar da naƙuda ta kama matata ina bakin aiki. Hajja ce ta tare tasi, ta kai ta asibiti, ta zauna har aka sauka lafiya. Tun daga ranar nake jin nauyinta kamar na uwa.

To, a wannan yammacin ta buɗe jakarta ta fito da wani abu mai tsawon kwalbar lemo. Mutum-mutumi ne na gajeren mutum mai tumbi da ƙafar baka, gemu buzu-buzu, kunnuwa irin na zaki, ya zaro harshe waje.

"Sunansa Bes," in ji ta. "Mutanen zamanin Fir'auna a ɗakin mai jego suke ajiye shi, ya tsare uwa da ɗa. Muninsa ne aikinsa. Maciji ko wani mugun abu in ya leƙo ya ga wannan fuska, sai ya juya."

Ta yi dariya, ta ɗora shi a kan kabad yana kallon gadon jaririya. Ni kuwa na buɗe baki na ce, "Shukran, ya Hajja." Wannan shi ne kuskurena na farko.

Tana fita surukata ta gyara zama. Ba ta yi mini magana kai tsaye, don haka jaririyar ta kalla. "Ke 'yar nan, kin ga abin da na tsallako hamada na tarar. Gunki a ɗaki, mai gidan kuma har da godiya."

Matata ta dubi Bes, ta dube ni, ta riƙe ciki. "Malam, don Allah saki fuskar. Wallahi in ka ɗaure ta haka kamar wa da ƙani kuke."

Ban yi dariya ba. Na zauna na jera hanyoyi. Ta farko, in fasa shi. Surukata ta shaida wa jaririya cewa duk abin da ke zaune a ciki, a ɗakin nan zai fito. Ta biyu, in sa shi a shara, amma kwandonmu yana daf da ƙofar Hajja, mai kwasar shara kuma a kan matakala yake zazzage komai ya tsince. Mayar mata da shi ko lissafa shi ban yi ba, don kunya. Saura kogi.

Washegari na nemi izinin sa'a biyu a wurin aiki. Surukata ta ƙi taɓa shi da hannu, sai ta jefa masa tawul ɗin jaririya, mai hoton agwagi, ta naɗe. Haka na rungume shi na shiga bas zuwa Abbasiya, na sake wata zuwa bakin kogi. A bas ta biyu wani dattijo ya tashi ya ba ni kujera, yana yi wa abin da ke hannuna addu'ar Allah ya raya. Na zauna ban ce uffan ba. Kuskure na biyu ke nan.

A tsakiyar gada na tsaya, na duba dama, na duba hagu, na ɗaga ƙunshin sama da ƙarfen gada. Wata mai sayar da dafaffiyar masara ta ƙwalla ihun da har yau nake ji a kunnena: "Jariri! Zai jefa jariri!" Kafin in juya, hannaye sun fi goma a jikina, hulata tana ƙasa. Ɗan sanda ya ratso mutane ya karɓi ƙunshin a hankali, ya buɗe tawul. Bes ya zaro masa harshe.

Har na fara ajiyar zuciya, sai wani daga baya ya ce, "Kayan tarihi ne!" Wanda bai zauna a Masar ba ba zai gane ba: baƙo a kama shi da kayan Fir'auna, magana ce ta gidan yari.

A caji ofis babbansu ya ajiye shi a tebur. "A ina ka tono shi?"

"Ya basha, ranka ya daɗe, kyauta aka ba ni."

"Kyauta? A ƙasarku kogi ake kai kyauta?" Ya ɗaga kan waya. "Lamba ɗaya za ka ba ni. Ko ta ofishinku, ko ta wanda ya ba ka."

In ofis suka ji, aikina ya tafi, ga mai jego da 'yar kwana tara a ƙasar mutane. In Hajja ta ji, duk wahalar da na sha don ɓoye mata ta tashi a banza. Na ba da lambar shagon da ke ƙasan gidanmu, na ce a kira Hajja.

Bayan sa'a ɗaya da rabi ta shigo tana haki, ɗanta na biye da kwali a kafaɗa. Ba ta dube ni ba. Ta shiga fito da su ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a teburin babban, har goma sha biyu, kowanne da harshe waje. Ashe sana'ar ɗanta ce: da farar ƙasa yake zuba su don 'yan yawon buɗe ido, ya jiƙa su a ruwan shayi su yi kamar sun tsufa. Babban ya kankare gindin gunkin nawa da makulli, fari ya fito tas. Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce, "Ma'alish, khalas," wato ba komai, magana ta ƙare, ya miƙo mini tawul.

A kan matakalar waje Hajja ta tsaya. "Ya ibni, ɗana, sau biyu na je Makka. Ka zaci sujada nake yi masa? Don mai jego ta yi dariya na kawo. Da ka ce ba ka so, da na mayar jakata na kawo bargo."

"Kunyarki na ji, ya Hajja."

"Kunyata ka ji, shi ne ka tara rabin Alƙahira a gada, ka sa aka kira ni caji ofis da tsufana?"

Mako uku ba ta amsa gaisuwata ba, ko da yake kullum sai ta shigo duba matata.

Har gobe ban yarda gunki ya zauna a gidana ba, ko na wasa ne. Wannan ban canza ba. Abin da na koya shi ne, kalma ɗaya da na kasa faɗa a falo ita ce ta kai ni gaban hukuma, ta kuma ɓata wa mai alheri rai fiye da yadda gaskiyar za ta ɓata. Don haka ina roƙonka, mai karatu: in aka ba ka abin da ba za ka iya riƙewa ba, ka yi godiya, ka faɗi dalilinka, ka mayar tun mai shi bai tashi daga kujera ba.