Hannaye Biyu a Bayan Dinari

Shekara talatin da ɗaya Donatus ya yi a maƙerar kuɗi ta birnin Rum, yana sassaƙa hatimin da ake buga dinari da shi. Fuskar sarki goma sha huɗu ya zana, babu wanda ya taɓa gani ido da ido. Wani ma kafin a gama masa gemu an kashe shi; sai Donatus ya rage hanci, a sa sabon suna. Baya ya tanƙware, ido ya yi rauni, har ya kai ba ya iya zana komai sai ya ajiye irinsa a gabansa yana kallo.

Matarsa Lusila ba ta taɓa riƙe dinari ba, amma ta fi 'yan fada sanin abin da ke bayansa. In aka ce a zana zangarniyar alkama, alamar wadata, sai ta ruga ta sayo hatsi, don yunwa na tafe. In reshen zaitun ne na zaman lafiya, to yaƙi ya ɓarke ke nan. Wanda ta fi tsoro shi ne hannaye biyu suna musafaha, wai haɗin kan rundunoni. Ba a buga shi sai an gama karkashe wata runduna da ta yi tawaye. Ɗansu tilo, Rufinus, yana cikin wata runduna mai tutar rago, kuma wata bakwai ke nan babu wasiƙa.

Ran nan shugaban maƙera ya tsaya a kansa.

"Baba, hannaye biyu ake so, da tutar rago a tsakiya. Kai, me ka tsaya kallo? In ka gaji ka faɗa mana."

"Na daɗe da gajiya," in ji Donatus, ya ɗauki ƙarfensa.

Da ya koma gida Lusila ta tare shi kamar kullum.

"Tsoho, yau wace ƙarya suka ba ka?"

"Alkama ce dai."

"Af! Gobe sai kasuwa."

Ta zuba masa wake da man zaitun. Bai ci ba. Aikin kuwa dole a gama shi gobe, ga shi ya manta yadda yatsu ke kwanciya a kan juna. Ya miƙa hannu ya kama nata, abin da rabonsa da shi shekara ashirin, yana jujjuyawa yana duban babban yatsa.

Ta yi dariya, ta ce tsufa ya zo da iyayi. Sai ta dubi hannayen biyu, dariyar ta tsaya.

"Donatus," ta ce, "tutar wace runduna?"

Bai saki hannun ba.